Darasi: Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Land Rover, Daga Shasi Zuwa Fenti

Darasinmu na wannan karo a kan tsohuwar mota ne, irin wadda ta daɗe a ajiye har tsatsa ta kama ta. A garuruwa da yawa akan ga Land Rover a bayan asibiti, ko makaranta, ko a gindin mangwaro, tayoyinta sun sace, kaji suna ƙwai a kujerarta. Sa'ad da ƙungiyar gama kai ta gaji da biyan kuɗin haya domin kai masara kasuwa, ko kai mai naƙuda asibiti da dare, sai wani ya tashi a taro ya ce, me zai hana mu sayi waccan mu gyara? Shawarar ba ta da laifi. Amma kuɗin da za a kashe gumin membobi ne, waɗanda za su hau motar kuwa 'ya'yanmu ne da matanmu. Saboda haka ya kamata mu san ta inda ake fara aikin. Yawancin masu gyara sukan fara da abin da ido ke gani, watau fenti da kujeru da fitilu. Mu kuwa muna cewa a fara daga ƙasa, daga shasi, gama shi ne zai faɗa mana ko motar ta isa a kashe mata ko da sisin kwabo.

Wace irin mota ce wannan?

An fara nuna Land Rover ga jama'a a birnin Amsterdam a shekara ta 1948. Kamfanin Rover ne ya ƙera ta a Solihull cikin Ingila, Maurice Wilks kuwa, babban injiniyan kamfanin, ya tsara ta ne da manoma a zuciyarsa. A lokacin ƙarfe yana da wuyar samu saboda ba a daɗe da gama yaƙin duniya na biyu ba, sai aka yi bodinta da alminiyon, wanda mu ke kira goran ruwa. Samfurin da aka fi gani a wajenmu su ne Series II wadda ta fito a 1958, da Series IIA ta 1961, da Series III wadda aka yi daga 1971 har 1985. Akwai gajera, mai inci 88 daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, akwai kuma doguwa mai inci 109. Doguwar ce ta fi dacewa da ɗaukar buhuna.

Abin da ya sa wannan mota ke ruɗin mai saye shi ne, goran ruwa ba ya yin jar tsatsa. Mota ta shekara hamsin sai a gan ta da ƙofofi da fukafukai sumul, a ce ai lafiyarta lau. Amma bodin yana zaune ne a kan shasi na baƙin ƙarfe, mai kamar tsani a kwance: dogayen ƙarafa biyu daga gaba zuwa baya, da gajeru da suka gitta suka haɗa su. Inji, da giyabos, da sifirin, da sitiyari, duk a jikinsa aka ɗaure su. Ƙarafan nan ba cikakku ba ne. Kamar dogon akwati su ke, da rami a ciki, kaurin ƙarfen kuwa wajen milimita 2 ne kawai.

Yadda tsatsa ta ke ci

Tsatsa takan samu ne in ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska. In babu ɗaya daga cikinsu, ba ta kama. Shi ya sa motar da ta yi zamanta a wajen Agadas ko Nguru takan fi wadda ta yi aiki a fadamun Binuwai lafiyar shasi. In mota ta ƙetare rafi, laka takan shiga cikin akwatin shasi ta ramukan kusa, ta zauna can, ta riƙe laima wata da watanni bayan waje ya bushe. Ta haka ƙarfen yakan ruɓe daga ciki zuwa waje, kamar yadda gara ke cin azara ta bar bayanta lafiya.

Mu manoma muna da wani abokin gaba na musamman, shi ne takin zamani. Taki irin gishiri ne, yana jawo laima, yana kuma sa tsatsa ta yi sauri ƙwarai. Haka kuma fitsarin dabbobi da kashinsu. Motar da ta yi shekaru tana jigilar taki da awaki ba a wanke ta, a duba bayanta sau biyu.

Akwai kuma wata ɓarna inda goran ruwa ya taɓa baƙin ƙarfe, laima kuma ta shiga tsakaninsu. A nan goran ruwan ne ke narkewa, ya zama farin gari kamar toka. Za ku gan shi a gindin ƙofofi, gama firam ɗin ƙofa na ƙarfe ne, da kuma kewayen kusoshin da suka riƙe bodi.

Gwajin guduma, kafin a biya kuɗi

Kada kowa ya yi ciniki sai an shiga ƙarƙashin motar. A tafi mutum uku: bakanike wanda ba shi da dangantaka da mai sayarwa, da mai walda, da ma'ajin ƙungiya da littafinsa. A riƙe ƙaramar guduma, da sukundireba, da tocila. A kankare laka, sa'an nan a bi shasin ana ƙwanƙwasawa taƙi bayan taƙi. Ƙarfe mai lafiya yakan yi ƙara mai zaƙi, gudumar ta yi tsalle ta dawo. Ruɓaɓɓe kuwa yakan yi ƙara a dushe, a ji ɓarɓashi yana zuba a ciki. Inda aka yi shakka a soka sukundireba da ƙarfi. In mai motar ya hana, to, ya riga ya ba ku amsa.

Wuraren da suka fi ruɓewa sanannu ne. Akwai ƙarfen da ya gitta a can baya, wanda ake ɗaura tirela a jikinsa. Akwai ƙananan hannuwa da suka fito daga gefen shasi suna tallafe bodi da tankin mai. Akwai ƙahonni biyu na gaba inda bamba ta ke, da dukan wuraren da sifirin ke rataye. Waɗannan na ƙarshe su ne masu kisa, gama in maratayin sifirin ya ɓalle mota tana tafe da kaya, aksil yakan goce, direba kuma ba shi da abin yi. Bayan shasi, a duba bangon ƙarfe da ke tsakanin inji da direba. Shi ma baƙin ƙarfe ne, shi ke riƙe ƙofofi da gilashin gaba da fedar birki. Yakan ruɓe a wurin sa ƙafa da ginshiƙan ƙofa.

A lura kuma da faci. In kun ga an manna ƙarfe a kan ƙarfe an shafe da baƙin fenti mai kauri, to, tsatsa tana nan a ƙarƙashi tana cin abinta.

Ga hukuncinmu. In ɓarnar ta tsaya a ƙarfen baya da hannuwa da ƙahonni, ana iya gyarawa, gama har yanzu ana ƙera waɗannan gutsattsari sababbi, mai walda na kirki kuma yana iya lanƙwasa su daga farantin ƙarfe. Amma in dogayen ƙarafan biyu sun huje a wurare da yawa, ko sun karkace saboda haɗari, a bar ta. Akwai kamfanoni a Ingila masu ƙera sabon shasi ɗungum wanda aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya mai zafin wajen digiri 450 domin kada ya yi tsatsa, amma kuɗinsa da na jirgi da na kwastan ba na ƙaramar ƙungiya ba ne. Gara a sayi irin wannan mota da arha domin a ciri kayanta, a nemi wata mai shasi.

Abu biyu kuma kafin a biya. A nemi lambar shasi, wadda akan buga a jikin maratayin sifirin na gaba ta hannun dama, a gwada ta da ta takardu da ta ƙaramin farantin da ke cikin mota. A kuma duba gefen da sitiyari ya ke. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ran 2 ga Afrilu 1972, motocin da suka shigo kafin nan kuwa yawancinsu sitiyarinsu a dama ya ke. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha faɗa cewa ba a yarda da irin waɗannan a kan hanya ba. A je ofishin lasin a ji matsayin motar tukuna.

Kwancewa

Aikin rani ne wannan, bayan an kai amfani rumbu, kuɗi kuma ya shigo. Ana bukatar rumfa mai daɓe, da ɗaki mai kwaɗo. Motar da aka kwance takan ci fili ninki uku na wadda ke tsaye, ƙananan kaya kuma suna da ƙafa.

In injin yana juyawa, a gwada shi tun yana kan mota. A kwance fulogi, a zuba baƙin mai kaɗan cikin kowace silinda, a bar shi kwana biyu ko uku, sa'an nan a juya da hannu, da ƙarfen nan na tayar da inji da ake sakawa ta gaba. In ya tashi, bakanike ya auna matsin kowace silinda ya rubuta. A kuma auna faɗin kowace ƙofa, daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, a rubuta, gama za a bukaci wannan awo nan gaba.

Sai a fara da batir da tankin mai. A gajerar, da yawancin dogayen, tankin yana ƙarƙashin kujera ne. A tsiyaye shi, a cire, a kai shi nesa da inda za a yi walda. Tankin fetur wanda babu kome a ciki ya fi cikakke haɗari, gama tururin da ya rage shi ne ke fashewa. Bayan haka rufi, ƙofofi, bonet, fukafukai, akwatin kujera, kwandon baya, bangon gaba, a ƙarshe inji da giyabos. Mutum huɗu suna iya ɗaga kwandon baya. Inji kuwa sai da sarƙa da ƙarfe mai ƙafa uku, ba reshen itace ba. Kada a tokare mota da bulo na siminti, yakan fashe ba gargaɗi. A sa gungumen itace mai ƙwari.

Magatakarda yana da aiki a nan kamar bakanike. Kowane rukunin kusa a gwangwaninsa, da takarda mai faɗin inda aka ciro shi. A ɗauki hoto da waya kafin a cire kowane abu. Dalili kuwa shi ne kusoshin waɗannan motoci ba iri ɗaya ba ne. Akwai na tsohon awon Ingila da ake kira Whitworth, akwai na inci, a motocin ƙarshe kuma har da na milimita. Notin da ya ɓata ba lalle a same shi a kasuwa ba, wanda aka tilasta masa shiga kuwa zai cinye zaren. Kusar da ta ƙi, a jiƙa ta da man gas ta kwana, in ta ƙi kuma a gasa notin da wuta.

Aikin shasi

Yanzu ga shasi tsirara. A wanke shi ciki da waje har ruwan da ke fita ya zama fari, a bar shi a rana ya bushe sarai. A aza shi a kan gunguma huɗu, a daidaita. Sai a auna shi a gicciye, daga maratayin sifirin na gaba ta dama zuwa na baya ta hagu, sa'an nan ɗaya gicciyen, kamar yadda magini ke gwada harsashin ɗaki. In awon biyu sun yi daidai, shasin a miƙe ya ke. In ba haka ba, motar za ta riƙa tafiya a karkace kamar kare, tana cin taya har ranar da za a yar da ita.

A kankare tsatsa da buroshin waya da injin gurza har a ga farin ƙarfe. Mai wannan aiki ya rufe ido da hanci, gama tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma. Waɗansu sukan fesa yashi da injin iska. Yana cire tsatsa da kyau, amma ƙurar yashi tana lalata huhu, ciwon kuma ba ya warkewa.

A wajen walda ne ake cin kuɗin ƙungiya ko a tsare shi, saboda haka a zauna da mai walda a yi magana tun kafin ya kunna wuta. Ka'idar ita ce a yanke ruɓaɓɓen wuri duka, har a kai ga ƙarfe mai cikakken kauri, sa'an nan a yanko sabon ƙarfe mai kauri ɗaya, a shigar da shi cikin ramin baki da baki, a yi walda kewaye. Manna faci a bisa ya fi sauri, ya fi arha, shi ya sa ake yinsa, amma yana rufe laima ne tsakanin ƙarfe biyu. Kada kuma a ce za a ƙara ƙarfi da farantin da ya ninka na asali kauri. Shasi yana lanƙwasa kaɗan kaɗan a kan hanya, in wuri ɗaya ya sandare, sai ya tsage a bakin waldar. Garwa da kwanon rufi ba su da wuri a wannan aiki.

Da shi ke ƙarfen ba shi da kauri, zafi yana iya murɗe shi. A yi amfani da siririyar sandar walda, a ɗiga nan da can tukuna, a sake awo, sa'an nan a cika kaɗan kaɗan, ana sauya gefe, ana bari ya huce da kansa ba da ruwa ba. A yanke abu ɗaya, a gama da shi, kafin a taɓa na biyu. Ƙarfen baya yana bukatar haƙuri na musamman, gama a jikinsa ake ɗaure kwandon baya, daga kwandon kuma ake auna wurin ƙofofi. In ya goce da rabin inci, ƙofa ba za ta rufu ba. In za a yi walda a ƙarfen da aka tsoma a tutiya, a gurje tutiyar tukuna, a kuma yi a fili, gama hayaƙinta yana kawo zazzaɓi.

Da an gama, a shafa maganin tsatsa irin mai ruwan asid na fosforik, wanda ke mai da ragowar tsatsa baƙa ta daina ci. A bi da jan fenti na ƙasa sau biyu, da baƙi sau biyu. A yi fenti da sassafe, a yayyafa ruwa a daɓe saboda ƙurar hunturu. Amma fenti waje kaɗai ya ke tsarewa, mun kuwa ce daga ciki ɓarna ke farawa. Don haka a fesa mai mai kauri ko kakin hana tsatsa cikin akwatin ta kowane rami, a juya shasin ya bi ko'ina, a kuma tabbata ramukan tsiyayar ruwa na ƙasa a buɗe su ke.

Sifirin, sitiyari da birki

A ware ganyayen sifirin a kankare, gama tsatsa takan kumbura tsakaninsu ta hana su motsi. A sa sababbin bushi. Sifirin na gefen direba da na ɗaya gefen ba lalle su zama iri ɗaya ba, a yi musu alama tun wajen cirewa. Kada a ƙarasa ɗaure kusoshin maratayi sai an gama haɗa mota nauyinta ya sauka a kan tayoyi, in ba haka ba robar bushi za ta murɗe ta yage cikin 'yan watanni.

A aksil na gaba akwai manyan ƙwallaye biyu masu ƙyalli inda taya ke juyawa. In tsatsa ta yi musu zanzana, za su yage roba, mai ya zube, a sauya su. Akwai kuma wani ƙaramin bututu na sitiyari da ke zaune cikin ƙarfen gitta na gaba. A cika shi da mai, amma kada mai koyo ya buɗe shi, gama akwai sifirin mai ƙarfi a matse a ciki wanda ke iya raunata mutum. Giyabos, da akwatin raba ƙarfi zuwa gaba da baya, da aksil duka biyu, man giya mai lamba 90 su ke sha.

A wajen birki ba a tsimi. Bututu, da tiyo, da robobi, da takalman birki, duk sababbi. Kada a hura ƙurar tsohon birki da baki ko da iska, gama takalman da tana iya ƙunsar asbestos mai jawo ciwon daji na huhu. A jiƙa a goge. A zuba man birki na ainihi daga gwangwani a rufe. Ruwan sabulu da ake zubawa a bakin hanya yakan tafasa a gangare, ya kuma cinye silinda da tsatsa. Doguwar motar tana da silinda biyu a kowace tayar gaba, fitar da iska daga cikinsu yana ɗaukar lokaci, kada a gaji a bari.

Inji da sauran

Injin mai silinda huɗu, lita 2.25, na fetur ko na gas, kusan kowane tsohon bakanike ya san shi, ba sai mun tsawaita ba. In matsinsa yana da kyau, ba ya hayaƙi, a sauya mai da tace da bel da tiyo, a wanke lagireto, a daidaita bawul a kan inci 0.010, a bar shi. In an buɗe kan injin fetur, a sa masa mazaunin bawul masu tauri, gama an ƙera shi ne domin fetur mai dalma, ƙasashen Afirka kudu da Sahara kuwa sun daina sayar da irinsa tun farkon 2006. Wayoyin lantarki da suka bushe a sauya su duka, faci a nan gobara ce. A lura, motocin da aka yi kafin 1967 ƙafar batir mai alamar tarawa ce ke haɗe da bodi, ba mai alamar ɗebewa ba.

Wajen mai da bodi, a fara aza kwandon baya, sa'an nan bangon gaba, a rataya ƙofofi a gwada da awon nan da aka rubuta, kafin a ɗaure kome tam. Duk inda goran ruwa zai taɓa ƙarfe a sa roba ko fenti mai kauri tsakani. Goran ruwa yana bukatar nasa fentin ƙasa mai kama shi, in ba haka ba na bisa zai ɓare kamar ɓawon gyaɗa. 'Yan lotsawar da ke jikin fukafukai kuwa, mu dai a bar su, ba su hana ɗaukar buhu.

Game da kuɗi, a raba shi kashi kashi, kada a damƙa wa kowa duka a rana ɗaya. Kashi na fari na shasi ne, ba za a saki na biyu ba sai kwamiti ya zo da guduma ya gwada waldar kafin a shafa fenti. A kan lissafin da bakanike ya bayar a ajiye ƙarin sulusi, gama sai an kwance ake ganin sauran ɓarna. In kuɗi ya ƙare a tsakiya, fentin bodi da kujeru su jira kaka mai zuwa.

Tafiyar farko a yi ta ba kaya ba fasinja, a fili, a gwada birki sau da yawa, a tura jan ƙarfen giyar ƙarfi da mai rawayan kai a ga ko tayoyi huɗu suna ja. Bayan mako guda a sake bin dukan kusoshin sifirin da sitiyari da na taya da sufana. Daga nan a sa doka a littafin ƙungiya: duk ranar da aka yi jigilar taki ko dabbobi a wanke kwando da ƙarƙashi kafin dare, kowace shekara kuma da ɗaukewar ruwa a wanke cikin shasi a sake fesa mai.

Aiki kafin taro mai zuwa: in akwai motar da ƙungiyarku ke so, a aiki mutum ukun nan su gwada ta, su zana shasin a takarda, su sa alama a kowane wurin da guduma ta yi ƙara a dushe, su kawo takardar a karanta a gaban membobi.